Mu da Air Supply, Shekara Talatin da 'Yan Kai

 

Waɗanda suka taɓa shiga motarmu sun riga sun san abin da za mu yi magana a kai yau, gama abu ne da ba mu taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan muna sauraron waɗansu Turawa biyu da ake kira Air Supply. Mun saurare su muna 'yan sakandare, mun saurare su muna ɗalibai a makarantar tauhidi, ga shi yau mu ne muke koyarwa, furfura ta soma leƙowa a gemu, ba mu kuwa daina ba. Wani ɗalibinmu ya taɓa tambayarmu cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Baba, mutanen nan suna da rai kuwa?" Suna da rai. Dukansu biyu sun haura shekara 70, mai yiwuwa ma a daren da kuke karanta wannan suna tsaye a kan dandali a wani gari, suna rera waƙoƙin da suka girme ku nesa ba kusa ba.

Irin kiɗansu shi ne wanda ake kira rok mai taushi. Rok dai kun san shi: ganguna masu ƙarfi, jita mai tsawa, mawaƙi yana ihu kamar wanda kunama ta harba. Mai taushin kuwa an sauke masa zafi. Fiyano ne a gaba, da jita marar lantarki, gogen Turawa yana bi daga baya. Waƙar takan fara a hankali kamar mai raɗa, ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ta kai inda mawaƙin zai saki muryarsa duka. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ne wannan kiɗa ya yi tashe, a hannun ƙungiyoyi irin su Bread da Carpenters da Chicago. Zancensa kuwa kusan ɗaya ne kullum: wani yana son wata, ko dai ta tafi, ko yana tsoron za ta tafi.

Mutum biyun su ne Graham Russell da Russell Hitchcock. Sunan mahaifin ɗaya shi ne sunan yankan ɗayan, abin da ya rikitar da mu shekara da shekaru muna yara, har muna gardama ko 'yan'uwa ne. Ba su haɗa komai ba. An haifi Graham a yankin Nottingham na Ingila a watan Yuni 1950. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 10, daga nan ya zama yaro mai keɓe kansa yana rubuce-rubuce, ya koya wa kansa jita, da hannun hagu yake kaɗawa har yau. A 1968 ya yi ƙaura zuwa Ostareliya. Hitchcock kuwa ɗan birnin Melbon ne, an haife shi a watan Yuni 1949, aikin ofis yake yi kafin waƙa ta ɗauke shi. Sun haɗu ran 12 ga Mayu 1975 a birnin Sidni, ranar farko ta gwajin wani wasan kwaikwayo na waƙe mai suna Jesus Christ Superstar, inda aka ɗauke su cikin 'yan amshi.

Bari mu ɗan tsaya a nan, kada wani ya ji sunan wasan ya ɗauka bishara ce. Andrew Lloyd Webber da Tim Rice ne suka tsara shi, ya bi makon ƙarshe na Yesu ta idon Yahuza Iskariyoti, ya kuma ƙare a kan gicciye, babu tashi daga matattu. Masu bi da yawa sun ƙi shi tun fitowarsa, mu ma da muke koyar da tauhidi muna da abin faɗi a kansa mai tsawo. Mun ambace shi ne kawai domin a can mutanen nan suka sami juna. In an tashi daga wasa da dare, sai su ɗauki jita guda su shiga gidajen shan shayi da wuraren cin abinci suna rera abin da Graham ya rubuta.

Waƙarsu ta farko ta karɓu a Ostareliya a 1976. A 1977 Rod Stewart ya ɗauke su su riƙa buɗe masa taro, ya tafi da su har Amurka da Kanada. Suka dawo gida suna tsammani sun zama manya, suka tarar an manta da su sarai. Su da bakinsu sun sha ba da labarin talaucin wannan lokaci, yadda kuɗin burodi ma yakan gagara. Cikin wannan hali Graham ya rubuta Lost in Love, wadda ta fito a 1979. Waƙar ta kai kunnen Clive Davis, shugaban kamfanin faifai na Arista a Amurka, ya sa aka sake gyara sautinta, a 1980 ta hau ta uku a jadawalin Billboard. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Tsakanin 1980 da 1982 sun jera waƙoƙi bakwai a cikin biyar na sama ba tare da ko ɗaya ta faɗi ƙasa ba, ɗaya daga ciki, The One That You Love, ta zama ta ɗaya a 1981. A 1983 suka rera wata da Jim Steinman ya rubuta musu, ta tsaya a ta biyu, abin da ya tare ta kuwa wata waƙar ce ta Bonnie Tyler wadda shi Steinman ɗin ne ya rubuta ita ma. Mutum ɗaya ya riƙe na ɗaya da na biyu a mako guda. Faifan da ya tattara fitattun waƙoƙinsu a wannan shekara ya sayu fiye da miliyan 5 a Amurka kaɗai.

Duk wannan ya faru muna rarrafe. Sai a 1992 suka iso gidanmu, cikin jakar yayanmu.

Yaya ya girme mu da shekara 10, soja ne. Ya zo hutun Kirsimeti da rediyo mai cin kaset da kaset guda uku da ya saya a babbar kasuwar Jos, wadda gobara ta cinye a 2002. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane darajar kaset ba. Masu shago ne suke kwafar waƙoƙi su rubuta sunayensu da biro a bayan kwali, sau da yawa da kuskure. Batir yana da tsada, don haka ba a ɓata shi wajen mayar da kaset baya, sai dai a zura biro a ramin a yi ta juyawa da hannu. In rediyo ya tauna zaren, a ciro shi a hankali, a miƙe shi, in ya tsinke a liƙa da jan farce. A lokacin, abin da ake ji a gidajen masu bi a yankinmu shi ne Jim Reeves da Don Williams da Panam Percy Paul, a tasha kuma Shata da Ɗan Maraya. Jim Reeves ya sami shiga ko'ina domin yana da waƙoƙin sujada, sauran nasa suka bi ta wannan ƙofa ba wanda ya tambaye su takarda.

Babanmu mai bishara ne na ƙauye, mutum mai tsanani, yana kuma jin Turanci daidai gwargwado. Ya ɗauki kwalin kaset ɗin yana dubawa, ya ga an rubuta Just As I Am. Wannan kuwa sunan tsohuwar waƙar sujada ce da Charlotte Elliott ta rubuta a 1835, wadda ake rerawa a tarurrukan Billy Graham sa'ad da ake kiran masu tuba su fito gaba. Air Supply suna da tasu mai wannan suna, ta 1985, wadda ba ta haɗa hanya da waccan ba ko kaɗan. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, ashe a bariki ma ana tunawa da Allah." Yaya ya ce, "I, Baba," ya sunkuyar da kai. Da yamma bayan addu'ar iyali Baba ya ce a sa masa ita. Ba wanda ya yi motsi. Yaya ya tashi kamar mai zuwa wurin yanka, ya danna. Baba ya saurara tun daga farko har ƙarshe, idonsa a rufe. Da ta ƙare ya buɗe ido ya ce, "Mutumin nan da gaske yake roƙo. Amma ba Allah yake roƙo ba." Bai ƙwace kaset ɗin ba. Ya kafa doka biyu: ban da ranar Lahadi, ban da kuma lokacin da yake bukatar batir domin jin labarai. Mun karanta littattafai da yawa a kan waƙa da sujada daga baya, ba mu sami wanda ya rarrabe abin a taƙaice kamar yadda tsohon nan ya yi ba.

Da hutu ya ƙare Yaya zai koma, muka dame shi da roƙo ya bar mana kaset ɗin. Ya ƙi, amma ya ce zai kwafa mana. Ba mu da rediyo mai baki biyu, sai ya aro na maƙwabci, ya jera su fuska da fuska a kan tabarma, ɗaya yana waƙa ɗaya yana ɗauka. Duk wanda ya taɓa yin haka ya san abin da yake biyo baya: duk abin da ya yi ƙara a ɗakin zai shiga. Akwai carar zakara a kaset ɗin nan. Akwai ƙarar turmi daga nesa. A tsakiyar All Out of Love kuma, daidai inda baiti na biyu zai shiga, ƙannenmu suka shigo da gudu suna dariya, sai ka ji muryar Yaya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Kai, ku yi shiru mana." Ranar mun ji haushi ƙwarai, an ɓata mana waƙa.

An tura Yaya Saliyo cikin rundunar ECOMOG. A watan Janairu 1999 'yan tawaye suka shiga Freetown, aka yi kwanaki ana yaƙi a cikin gari. Bai dawo ba. Ba mu da hoton bidiyonsa, ba mu da saƙon murya, wayar hannu ba ta zo ba tukuna. Abin da ya rage na muryar yayanmu a duniya shi ne kalmomi biyar ɗin nan a tsakiyar waƙar waɗansu Turawa da ba su san an yi shi ba.

A wurin makoki mun tsaya kamar yadda ake so namiji ya tsaya. Kowa ya zo sai ya dafa mu ya ce, "Ka yi haƙuri, kai ne babba yanzu, ka riƙe Mama." Mun riƙe ta. An rera waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, sun kuwa yi aikinsu, gama su ne suka riƙa tuna mana inda begenmu yake. Amma hawaye bai zo ba sai bayan wajen wata biyu, da dare, mu kaɗai a ɗaki, sa'ad da muka sa kaset ɗin. A yadda aka rene mu, namiji ba ya cewa yana kewar wani. Ba ya cewa zuciyarsa ta karye. Ga wani ƙato kuwa a cikin rediyo yana faɗin haka da iyakar muryarsa, ba kunya, ba neman gafara. Shi mace yake yi wa kuka, mu yayanmu, amma kukan ya yi daidai da wuyanmu. Mawaƙan Zabura sun san wannan tun da daɗewa, kashi mai yawa na littafin makoki ne. Mu ne dai muka fi son karanta na murna a gaban jama'a.

Kaset ɗin ya tsinke sau uku, sau uku muka liƙa shi. Daga baya wani ɗalibi mai sanin kwamfuta ya juye mana shi cikin waya, da zakaran da turmin da komai. Muna da waƙar mai tsabta kuma, wadda kowa yake da ita. In muka sa mai tsabtar, da an zo bakin baiti na biyu sai kunnenmu ya tsaya yana jira.

To, za ku ce ashe saboda Yaya ne. Da farko haka ne. Amma makoki kaɗai ba ya riƙe mutum shekara talatin a kan kiɗa marar kyau, da tuni mun adana kaset ɗin a akwati mun bar sauraro. Waƙoƙin suna da kyau, za mu kuma tsaya a kan wannan ko gaban wa. Ku da kuke ƙungiyar mawaƙa ku saurari yadda aka gina All Out of Love. Graham ne yake ɗaukar baitoci da muryarsa mai sanyi, marar ado, irin ta kowa. In an zo amshi sai Hitchcock ya karɓa daga sama, da siririyar murya mai ƙarfi wadda maza kaɗan ne suke da irinta. A ƙarshe yakan riƙe sauti guda na daƙiƙa 16 ba numfashi. Mun gwada muna samari a bayan ɗakin kwanan makaranta, mu huɗu, wanda ya fi daɗewa ya kai tara ya kama tari. Graham kuma ya iya abin da yake da wuya ƙwarai, wato rubuta karin da yaro zai kama a ji na biyu, tsoho kuma ba zai gaji da shi a ji na dubu ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsara sabuwar waƙa domin taron matasa ya san sauƙi irin wannan ba ya samuwa da arha.

Tashensu a Amurka bai daɗe ba. Tashar MTV ta buɗe a 1981, waƙa ta koma abin kallo, su kuwa ba masu rawa ba ne, ba su da siffar da talabijin yake nema: ɗaya dogo, ɗaya gajere da tulin gashi. Bayan 1985 gidajen rediyon can suka juya musu baya. Masu sharhin kiɗa dama ba su taɓa ƙaunarsu ba, suna cewa sukari ya yi yawa. Sunansu ya zama abin ba'a, irin waƙar da mutum yake ji a ɓoye ya musanta a fili. Suka ɗan huta a ƙarshen shekarun 1980, Hitchcock ya fitar da faifai shi kaɗai, sa'an nan suka dawo tare a 1991. Abin da ya cece su shi ne mutanen nesa. A Asiya da Kudancin Amurka ba a taɓa sauke su ba. Waƙarsu Goodbye ta 1993, wadda Amurka ba ta kula ba, ta zama babba a ƙasashen Asiya, a birnin Taipei ne kuma suka ɗauki faifansu na kai tsaye a 1995. A watan Yuli 2005 suka yi wasa a Habana ta ƙasar Kyuba, aka ƙiyasta mutum 175,000 suka taru. Ƙasarsu ta Ostareliya ba ta sa su cikin zauren girmamawa na mawaƙanta ba sai a 2013.

Muna jin wani irin daɗi in muka tuna muna cikin mutanen nesan nan. A daidai shekarun da masu wayewa suke yi musu dariya, a nan ana aika su a shirin zaɓi-sonka na rediyo, samari suna kwafar kalmominsu cikin wasiƙa zuwa makarantar 'yammata, direbobi suna sa su a doguwar tafiya. Mu ma mun sha ba'a. A makarantar tauhidi abokan ɗakinmu suna kiranmu "fasto mai waƙar mata". Magoya bayan ƙungiyar a ƙasashen Turai suna kiran kansu da wani suna wanda a Turanci zagi ne, ma'anarsa mai kan da ba komai ciki sai iska. Sun ɗauki zagin sun mai da shi riga. Mun fahimce su. Kowa yana iya son abu ranar da duniya take sonsa. Sai ranar da aka fara ɗaga gira in ka ambace shi za ka san ko naka ne.

Amma tun da ku matasa ne, da yawanku kuma za ku zauna a gabanmu wata rana domin shawarar aure, dole mu faɗi inda waƙoƙin nan suka gaza. Sun san farkon ƙauna, sun san ƙarshenta, ba su san tsakiyarta ba. Ba za ka ji kuɗin makaranta a ciki ba, ko surukai, ko daren da yaro yake zazzaɓi kuna musayar reno, ko yadda ake neman gafara a kan ƙaramin abu da safe kafin a fita. Mawaƙin yakan ɗora wa mace kayan da ɗan adam ba zai iya ɗauka ba, ya mai da ita ranarsa da watansa da dalilin tashinsa daga barci. Mun ga aure da yawa sun jijjiga domin ɗaya ya shigo yana jiran ɗayan ya zama masa haka. Akwai kuma waƙoƙinsu biyu ko uku da muke tsallakewa, gama abin da suke yabo ba abin da za mu yaba ba ne. Uwargida, wadda ta yi shekara 17 tana jin mutanen nan ba da zaɓinta ba, ta taɓa juyowa a mota ta ce, "Maigida, wannan mutumin kullum kuka yake yi. Yaushe yake zuwa gona?" Ba mu sami amsa ba har yau.

Abin mamaki shi ne, tsakiyar da babu a waƙoƙin tana nan a rayuwar mawaƙan. A 2025 suka cika shekara 50 tare. Beatles, waɗanda su biyun suka tashi suna ƙauna, shekara goma suka yi suka watse a 1970. Simon da Garfunkel sun rabu a wannan shekara. Eagles sun tarwatse a 1980 cikin faɗa. Waɗannan biyun kuwa sun yi wasa fiye da sau 5,000, har yanzu sukan yi sama da ɗari a shekara, jirgi ɗaya, masauki ɗaya, waƙoƙi iri ɗaya kowane dare. Sukan ce ba su taɓa yin faɗa ba. Mu da muke sulhunta mutane mun san yadda ake jin irin wannan magana, amma ko rabinta ce gaskiya, abin dubawa ne. Dalilin da suke bayarwa shi ne ya fi kama mu. Graham yana rubutawa, ba ya kwaɗayin zama babban mai rerawa. Hitchcock yana rerawa, ba ya kwaɗayin a ce shi ya rubuta. Kowa ya san abin da aka ba shi, ya kuma san abin da aka ba ɗan'uwansa ya fi nasa a wancan fanni, bai ji ciwo ba. Ku yi tunanin mutumin da ya zauna ya rubuta waƙa daga cikin ransa, sa'an nan ya tsaya gefe da jita shekara hamsin yana kallon jama'a suna yi wa wani tafi a kan amshinta. Mun ga ƙungiyar mawaƙa ta rabu biyu a kan wa zai ja waƙa ranar bikin girbi. Mun ga abokan aiki da suka fara da tabarma ɗaya sun kai inda ba sa gaisawa saboda sunan wa aka fara rubutawa a takardar gayyata. Shi ya sa in muna kallon tsofaffin nan a waya, sau da yawa ba mai rerawar muke kallo ba, dogon muke kallo, yadda yake murmushi in ɗan'uwansa ya kai sautin sama.

Wata 'yar zumunta ta taɓa tambayarmu ko irin wannan so bai zama bautar gumaka ba. Tambaya ce mai kyau, mun kuma ji daɗi da ta yi ta. Muka ce mata, "'Yata, ki duba abin da yake karɓa daga hannunki." Mun san samari da ba sa cin abinci in ƙungiyar ƙwallonsu ta Ingila ta sha kashi, waɗansu har da dambe a gidan kallo. Air Supply ba su taɓa hana mu barci ko sujada ba, ba su ci kuɗin abincin yara ba, ba mu taɓa ganinsu ido da ido ba, ba mu kuma sa ran gani. Dokar Baba ta ranar Lahadi tana nan a gidanmu, ko da yake shi ya riga mu gidan gaskiya, batir kuma ya daina zama abin damuwa. Mawaƙa ne masu baiwa, mun gode wa wanda ya ba su, iyakarta ke nan.

Abin da yake canzawa yanzu shi ne yadda muke jinsu. Muna yara muna jin muryar samari masu ciwon so. Yanzu in muka kalli wasanninsu na kwanan nan, tsofaffi biyu muke gani. Gashin Hitchcock ya yi fari fat, muryar ta yi kauri, akwai wuraren da yakan miƙa wa jama'a abin magana su ɗauki amshi, su kuwa su ɗauka da murna, kakanni da jikoki. Yakan sauka daga dandali ya shiga cikin mutane yana rerawa yana riƙe hannuwansu. Waƙar rabuwa a bakin ɗan shekara 30 daban take da waƙar rabuwa a bakin wanda ya wuce 70, ko da kalma ɗaya ba ta canza ba. Mun sani wata safiya za mu buɗe waya mu ga labarin ɗayansu, mun kuma san za mu ji shi kamar na wani kawu da ba mu taɓa ziyarta ba. 'Yarmu ta fari, wadda take cewa kiɗan tsofaffi ne, mun kama ta kwanan baya tana wanke-wanke tana bin karin Even the Nights Are Better da hanci. Ba mu ce mata komai ba, kada ta daina. Ita ce kuma ta tambaya wane ne mai cewa a yi shiru a cikin waccan waƙar, muka zaunar da ita muka gaya mata.

Wanda yake so ya gwada, ya fara da Lost in Love, gama ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka rubuta lokacin da ba su da ko sisi. Daga nan ya ji All Out of Love, ya riƙe agogo a hannu domin sautin ƙarshe. 'Yan ƙungiyar mawaƙa su saurari Two Less Lonely People in the World saboda yadda muryoyin biyu suke shiga juna ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba. Kada ku ji su a cikin hayaniya, ku bari sai dare ko doguwar hanya. Wanda ya ji ya so, ya same mu bayan sujada mu yi hira. Wanda ya ji bai so ba, ya je ya gaya wa uwargida, za ta yi murna da samun abokin ra'ayi.